Kafin a jefar da injin motar rimot mai in'ina

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili a shafin wasiƙu domin in yi bayani a kan wata matsala da ke damun masu sha'awar ƙananan motocin da ake tuƙawa da rimot, musamman waɗanda ke ɗauke da injin lantarki marar buroshi. Na san wasu za su ɗauki lamarin a matsayin wasan yara, amma mota ɗaya irin wannan, idan aka haɗa da batir da caja, tana cin kuɗin da ba a so a yi asararsa, kuma yawancin kayan gyaranta sai an yi odarsu daga waje an zauna jiran makonni. Ban da wannan, injin da ke cikinta ɗan gida ɗaya ne da wanda ke cikin babur mai caji da fanka mai aiki da hasken rana, waɗanda suka fara yawa a gidajenmu da titunanmu, saboda haka wanda ya gane ciwon ƙaramin ya kama hanyar gane na babban.

Matsalar ita ce wadda Turawa ke kira cogging, ni kuwa ina kiranta in'ina, domin ban ga kalmar da ta fi dacewa da ita ba. Za ka ajiye mota a ƙasa, ka ja kunamar rimot a hankali, maimakon ta tashi sumul sai ta kama karkarwa a wuri ɗaya, ta matsa gaba kamar faɗin yatsa ta komo baya, tana wata ƙara kar-kar-kar, sannan ko dai ta fizga da ƙarfi ta wuce, ko kuma ta tsaya cik. Abin da na lura shi ne, da zarar mutum ya ga haka sai ya yanke hukunci cewa inji ya mutu, ko ya ce mai sayarwa ya cuce shi, ya cire injin ya sayi sabo. A mafi yawan lokuta injin lafiyarsa ƙalau, laifin yana wani wuri da gyaransa bai kai kuɗin kati ba.

Ni ma ta wannan hanyar na bi. Wata rana da la'asar muna tsakar gida, ɗana yana riƙe da rimot, sai motar ta ƙi tashi, tana ta rawar jiki a kan siminti. Ya ce, "Baba, in na tura ta da ƙafa tana tafiya." Na gwada na ga gaskiyarsa: da zarar an ɗan ingiza ta sai ta kama gudu, ko da yake ba da ƙarfinta na da ba. Na yi odar sabon inji, na jira ya iso, na ɗaura, in'ina tana nan yadda take. Daga ƙarshe na kai ta wurin wani matashi mai gyaran waya a bakin kasuwa, wanda bai taɓa riƙe irin wannan mota ba, amma ya san dalma ciki da bai. Ya bi wayoyi ukun da suka fito daga na'urar sarrafa gudu yana jan kowacce a hankali, da ya zo kan ta uku sai ya ce, "Malam, wannan ai roba ce kaɗai ke riƙe da ita." Ya yanke robar da ta lulluɓe mahaɗin, sai ga dalmar ta dushe ta tsage, silin waya biyu ko uku ne kawai suka rage a manne. Ya share wurin, ya zuba sabuwar dalma har ta kwanta tana sheƙi, muka ajiye motar a gaban shagonsa ta tashi lami lafiya. Tsohon injin da na cire yana nan a ajiye, kuma daga baya na gwada shi na tarar babu abin da ya same shi.

Wannan ne ya sa na zauna na nemi sanin yadda abin yake aiki, kuma ina ganin sanin nan shi ne rabin gyara. A tsohon inji mai buroshi, gawayin buroshin da ke gogar sandar da ke juyawa shi ne ke sauya wa wuta hanya a daidai lokacin da ya dace, ba tare da wani lissafi ba. A inji marar buroshi an juya tsarin: naɗin waya yana tsaye a jikin gwangwanin, maganaɗisu ne ke juyawa a tsakiya, kuma aikin sauya wuta ya koma hannun na'urar sarrafa gudu, wadda ake rubuta ESC a jikinta. Wayoyi uku ne ke haɗa su, galibi masu alamar A da B da C. A kowane lokaci na'urar tana tura wuta ta biyu daga cikinsu, ta bar ta ukun, sannan ta sauya, mataki shida a jere, ta sake komawa farko. Domin inji ya juya, dole ne kowane sauyi ya zo daidai da inda maganaɗisun yake a wannan ƙiftawar ido. Idan ya riga lokaci ko ya makara, sai naɗin wayar ya ja maganaɗisun baya maimakon gaba.

To yaya na'urar take sanin inda maganaɗisu yake? A nan injunan suka kasu biyu. Akwai marasa sensa, waɗanda su ne suka fi yawa a motocin da ake saya a haɗe, domin sun fi araha kuma sun fi jure ƙura da ruwa. Su suna dogara ne da abin da Michael Faraday ya gano a 1831, wato idan maganaɗisu ya gilma kusa da naɗin waya yana haifar da wuta a cikinsa. Na'urar tana sauraren wannan 'yar wutar da ke dawowa ta waya ta ukun da ta bari, da ita take gane matsayin maganaɗisun. Sai dai wutar ba ta samuwa sai inji yana juyawa, kuma ƙarfinta yana bin saurin juyin. Idan mota tana tsaye babu abin da na'urar za ta ji, sai ta yi ta tura wuta bisa kintace har injin ya motsa ya fara ba ta amsa. Wannan ɗan lokacin laluben shi ne in'ina, kuma shi ya sa turin da ɗana ya yi da ƙafa ya taimaka. Kashi na biyu su ne masu sensa, waɗanda ke da ƙananan sensa uku a bayan injin, masu aiki da ƙa'idar da Edwin Hall ya gano a Amurka a 1879, suna sanar da na'urar inda maganaɗisu yake ko da bai motsa ba. Ana gane su da wata siririyar igiya mai wayoyi shida da ke tafiya tare da manyan wayoyin uku.

Abin da ke fitowa daga wannan bayani yana da muhimmanci: 'yar in'ina kaɗan a lokacin tashi daga tsaye, a inji marar sensa, halittarsa ce, babu gyaran da zai kawar da ita gaba ɗaya. Haka nan idan ka kashe komai ka juya sandar injin da yatsa ka ji tana tafiya daki-daki kamar tana faɗawa ƙananan ramuka, wannan jan maganaɗisu ne ga ƙarfen da aka naɗa waya a kai, ba lalacewa ba ne. Wadda ke buƙatar bincike ita ce in'inar da a da babu ita sai ga ta, ko wadda ke ƙaruwa kullum, ko wadda ke hana mota tashi sam, ko wadda ke zuwa a tsakiyar gudu.

Kafin komai ina gargaɗi a kan abu ɗaya: kada a ci gaba da matsa totur alhali mota tana karkarwa a wuri ɗaya. Injin da aka ba wuta bai juya ba yana zuƙar wuta mai yawan gaske, domin naɗin wayar da ke cikinsa gajere ne mai kauri, kusan babu abin da ke tare ta. Cikin 'yan daƙiƙoƙi tiransistocin da ke cikin na'urar sarrafa gudu, wato ƙananan sassan da ke kunna wuta da kashe ta, za su iya ƙonewa, sai matsalar dalma ta zama matsalar sayen na'ura. Idan ta ƙi tashi a saki kunama, a ɗaga motar a gwada ta tayoyi a sama.

Wannan gwajin na ɗagawa shi ne na farko da nake ba kowa shawara, domin yana raba matsalar gida biyu. Idan tayoyi suna sama injin ya tashi sumul, amma da an ajiye a ƙasa sai in'ina, to nauyi ne ya yi masa yawa ko kuma wuta ba ta isarsa idan ya nema. Idan kuwa ko a sama yana karkarwa, a nemi laifin a wayoyi ko sensa ko na'urar kanta. Yana da kyau kuma mutum ya kula da lokacin da abin ke faruwa. In'inar da ke zuwa bayan mota ta daki dutse ko ta yi tsalle galibi mahaɗi ne ya yi sako-sako. Wadda ke zuwa bayan an yi mintuna ana gudu tana nuni ga zafi ko batir. Wadda kuma ke zuwa daidai lokacin da aka karya sitiyari tana nufin na'urar juya sitiyarin ta janye wutar da risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot a cikin mota, ke buƙata har ta ɗauke na ɗan lokaci, kuma ƙaramin kafasita, wato ɗan ma'ajin wuta, da ake soka wa a jikin risiba yakan magance wannan.

Batun nauyi shi ne inda na ga an fi yin kuskure, kuma son gudu ne ke jawo shi. A kan sandar injin akwai ƙaramin giya mai haƙora wanda ke juya babban giya. Idan ƙaramin yana da haƙora 20, babban yana da 80, injin zai juya sau 4 kafin babban ya juya sau ɗaya. Mai son gudu sai ya sa ƙaramin giya mai haƙora 24 ko 25, ko ya ɗaura manyan tayoyi domin mota ta yi kyan gani, bai san cewa ya mai da ita kamar direban da ke son tashi da giya ta uku a hawan tudu ba. A irin wannan hali motar tana tafiya a hankali, injin kuma yana juyawa a hankali ƙwarai, wutar da na'urar ke saurare ba ta kai ta ji ba, sai laluben ya yi tsawo. Idan aka sauko zuwa haƙora 17 a kan wannan babban giya mai 80, injin zai juya kusan sau 4.7 a kowane zagaye, ya fita daga yankin lalube da wuri, ya kuma rage zafi. An rasa ɗan gudu a ƙarshe, amma a filayen da muke wasa, na yashi da tsakuwa, ba kasafai ake kai wa ƙarshen gudun ba ma. A duba kuma yadda haƙoran giya biyun suka haɗu. Idan an matse su ƙam suna cije juna. Dabarar da aka saba ita ce a saka tsinken takarda a tsakaninsu, a matsa su, a ɗaure, sannan a zare takardar, ta yadda za a bar ɗan wasa kaɗan. Bayan haka a cire ƙaramin giyan a tura motar da hannu a kan ƙasa. Ya kamata ta gangara ba tare da tirjiya ba. Idan ta cije, akwai boris da ya ci ƙasa, ko zare da gashi da suka naɗe a gindin taya, ko sandar da ta lanƙwashe.

A nan ne yanayinmu yake shigowa. Ƙurar hunturu tana shiga kowane boris, ta gauraya da giris ta zama kamar ƙullun yashi. Akwai kuma abin da ban taɓa zato ba sai da na buɗe injin da idona: a cikin yashin da muke takawa akwai ɓurɓushin baƙin ƙarfe, maganaɗisun kuma yana tsince shi ta kowace kafa. Na tarar ya taru a jikinsa kamar gemu, baƙi ƙirin, har yana gogar bangon ciki idan an juya. Na cire shi da salatif, ina mannawa ina ɓamɓarewa, domin buroshin gogewa ba ya iya raba shi da maganaɗisu. Wanda zai buɗe inji ya kula da ƙananan wasoshin da ke kan sandar, ya mayar da kowanne inda ya same shi, kuma ya riƙe sandar da kyau lokacin mayarwa, domin maganaɗisun yana fizgar ta ciki da ƙarfin da zai iya datse yatsa.

Zafi kuwa ya fi ƙura illa, domin ɓarnarsa ba ta gyaruwa. Maganaɗisun waɗannan injuna na neodymium ne, mai ƙarfi ƙwarai amma marar jure zafi, kuma nau'insa na gama-gari yakan fara rasa ƙarfi na dindindin daga wajen digiri 80. Shi ya sa masu wannan harka ke ƙoƙarin kada gwangwanin inji ya wuce digiri 70 ko kusa da haka. Wanda ya fitar da mota da tsakar rana a watan Afrilu, iska kanta ta haura digiri 40, ƙasa kuma ta fi haka zafi, ya riga ya cinye fiye da rabin ratar tun kafin ya ja kunama. Maganaɗisun da ya raunana yana haifar da wuta kaɗan a naɗin waya, na'urar ba ta ji sosai, in'ina ta ƙaru, injin ya ƙara zafi, haka abin zai yi ta zagayawa. Alamarsa ita ce sandar da a da take tafiya daki-daki a hannu yanzu tana juyawa salab. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya ɗora yatsa a kan gwangwanin bayan mintuna biyar na gudu, idan bai iya barinsa na daƙiƙa uku ko huɗu ba, a tsaya a huta, a kuma rage haƙoran ƙaramin giya.

Sai batir. Ƙwaya ɗaya ta batirin LiPo, wato batirin lithium mai caji, tana da volt 3.7 a rubuce, tana kai 4.2 idan ta cika, don haka mai ƙwaya biyu yana nuna 8.4 a cike, mai uku kuma 12.6. Amma mita tana iya nuna cikakken adadi alhali batirin ya tsufa, da inji ya nemi wuta mai yawa a lokacin tashi sai ƙarfinsa ya zube. Na'urar sarrafa gudu tana da tsarin kare batir wanda ke rage wuta ko yanke ta idan ƙwaya ta sauka zuwa wajen volt 3.2 ko 3, sai ta yanke, batir ya farfaɗo, ta saki, ya sake zubewa, abin ya yi kama da in'ina. Hanya mafi sauƙi ita ce a ari batirin da aka tabbatar da lafiyarsa a gwada. Batirin da ya kumbura kuwa a daina amfani da shi nan take, kada a caja shi a ɗaki, domin irinsa yana kama wuta. A taɓa fulogin batir bayan gudu, idan ya yi zafi fiye da wayar da ke jikinsa, a nan wuta ke maƙalewa.

Game da rimot ba zan tsawaita ba. A tabbatar maɓallin daidaita totur yana tsakiya, a sake koya wa na'urar inda tsakiya take da ƙarshen gaba da ƙarshen birki kamar yadda takardarta ta nuna. Idan an taɓa saitin da ke gaggauta lokacin sauya wuta domin ƙarin gudu, a mayar da shi yadda ya zo daga kamfani.

Wanda duk ya bi waɗannan bai dace ba, sai ya gwada injin shi kaɗai, bayan ya raba shi da na'urar gaba ɗaya. A sa mita a tsakanin kowace waya biyu, A da B, B da C, A da C. Duka ukun su nuna a haɗe suke, kuma kada ko ɗaya ta nuna haɗi da gwangwanin. Mitar kasuwa ba za ta iya bambance ƙananan adadin da ke nan ba, tsinkewa kawai za ta nuna, don haka akwai gwaji na biyu da ba ya buƙatar kayan aiki: a haɗa bakin wayoyi biyu da juna a juya sandar da hannu, za a ji ta yi nauyi, a yi haka ga kowane biyu, nauyin ya zama iri ɗaya. Idan wani biyun bai yi nauyi ba, naɗin ya tsinke. Idan kuma sandar tana da wannan nauyin alhali ba a haɗa komai ba, naɗin ya ƙone ya haɗe a ciki, galibi da warin ƙuna da baƙin launi. Idan injin ya ci duk wannan jarrabawa, dalma kuma lafiya, to zargi ya koma kan na'urar sarrafa gudu, wataƙila tiransistocin layi ɗaya sun mutu, kuma ana tabbatarwa ne ta hanyar ɗaura mata wani injin.

Masu inji mai sensa su lura da abu biyu. A marar sensa ana iya musanya kowace waya biyu domin juya alkiblar tafiya, amma a mai sensa dole A ta tafi A, B ta tafi B, C ta tafi C, in ba haka ba sensa tana faɗin wani abu, wuta tana zuwa wani wuri, injin ya yi ta karkarwa har na'urar ta ƙone. Na biyu, siririyar igiyar nan mai wayoyi shida ita ce ta fi komai saurin lalacewa, tana karyewa a gindin fulogi inda ido ba ya gani, ƙura kuma tana cika ramin da take shiga. Wasu na'urorin idan sun rasa ta sai su koma aiki kamar marasa sensa, mota ta fara in'inar da ba ta taɓa yi ba, wasu kuma su ƙi tashi gaba ɗaya. Wanda zai yi odar kaya ya haɗa da igiyar ajiya, domin ita ce mafi araha a cikin duk abin da na ambata. A ra'ayina, wanda sha'awarsa tuƙi a hankali ne, hawan duwatsu da bin lungu, ya sayi mai sensa tun farko ko ya zauna a kan mai buroshi, domin marar sensa an yi shi ne don fili da gudu, kuma ba daidai ba ne a zarge shi a kan aikin da ba nasa ba.

Ina kira ga matasanmu masu gyaran waya da masu rewaya da masu naɗin fanka su ba wannan fanni muhimmanci. Injin da ke cikin tayar babur mai caji yana da manyan wayoyi uku, galibi rawaya da kore da shuɗi, da ƙananan wayoyi biyar na sensa, biyu na wuta uku na saƙo. Idan sensa ɗaya ta mutu ko fulogi ya sha ruwa ya yi tsatsa, babur ɗin yakan yi karkarwa da ƙara a lokacin tashi, wani lokaci sai an tura shi da ƙafa, daidai da abin da motar ɗana ta yi a tsakar gida. Matashin da ya gyara mana ita ya roƙe ni in bar masa tsohon injin na kwana biyu ya buɗe ya gani, na bar masa, ya dawo da shi a haɗe yana aiki.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku daga Kaduna